Fulawoyina sun ƙone cikin sati uku, ko dai sai a Jos take yi?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin shuka ku taimaka min, abin ya ishe ni. Farkon watan Maris muka tare a sabon gida a nan Kano. Tsakar gidan duk siminti ne, in ban da wani siririn wuri da magina suka bari a jikin katanga. Na je wurin masu fulawa na bakin titi na kwaso guda tara a baƙar leda, wardi uku, iksora biyu, sauran ban ma riƙe sunansu ba. Na jera su a tsakar gida, ina ba su ruwa safe da yamma, har da rana ma in na ga sun yi yaushi. Na kuma sa aka kawo min kashin kaji na zuba musu. Yau sati uku ke nan, bakwai sun mutu murus, biyun da suka rage ganyensu ya yi rawaya yana zuba. Maigidan sai dariya yake min, wai na yi wa rana sadaka. Shin fulawa ba ta yi a Kano ne sai Jos, ko ni ce ba ni da hannun shuka?

Abu_Safwan
Wa alaikumus salam. Hajiya, a Maris kika yi dashe? Ai ko mutum aka ajiye a kan siminti a bazarar Kano sai ya yi yaushi. Ki jira ruwa ya sauka.

Ummu_Hanan
Wallahi kamar labarina kika bayar. Sau biyu ina gwadawa, daga ƙarshe na haƙura na sayo ta roba na sa a falo, ita ba ruwanta da ƙishirwa. Ina gefe ina saurare ko zan ƙaru.

Baba_Mai_Lambu
'Yata, kwantar da hankalinki, fulawa tana yi a Kano sarai. Na haura shekara ashirin ina wannan aiki a gidajen mutane, kuma abin da kika yi shi kusan kowa ke yi da farko. Tuna inda kika sayo su. Ba a gindin bishiya kika tarar da su a jere ba? A inuwa suka tashi tun suna 'yan rassa. Rana ɗaya kin kwaso su kin dire a tsakiyar rana, a kan siminti, cikin baƙar leda. Ki gwada taka simintin nan ba takalmi bayan azahar, to abin da saiwarsu ke ji ke nan. Baƙar leda kuwa zuƙar zafi take, dafa saiwar take yi kamar dankali a tukunya. Sabuwar shuka ana fara ajiye ta inda rana ke taɓa ta da safe kawai, kwana goma ko sati biyu, sannan a riƙa matso da ita sannu a hankali.

Amma a ganina kashin kajin nan ne ya ƙarasa su. Ɗanye kika zuba ko? Kashin kaji wuta ne. Sai an tara shi gefe ana yayyafa masa ruwa ana juyawa, wata biyu zuwa uku, har warin ya tafi ya koma kamar ƙasa, sannan yake zama abinci. Ga mai koyo, tsohon kashin awaki ko na shanu ya fi sauƙin sha'ani.

Maman_Ilham
Innalillahi! Baba, ɗanye ne wallahi, ranar da aka share keji ranar aka kawo min. Ni a zatona gata na yi musu. To ruwan fa? Ko shi ma kaɗan ne?

Baba_Mai_Lambu
Yawa ya yi, ba kaɗan ba. Saiwa numfashi take kamar ni da ke. In ƙasa kullum a jiƙe take sharkaf, sai ta ruɓe, in ta ruɓe kuma ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya langaɓe, mai shuka ya ce ƙishi ne ya ƙara zubawa. Shuka takan yi laushi da tsakar rana ko da tana da ruwa, yamma na yi ta miƙe. Kafin ki zuba, cusa yatsa a ƙasar har gaɓa biyu. In kin ji danshi, ki bar ta. Kuma da sassafe ake ban ruwa, a gindi, a ba ta ta ƙoshi sau ɗaya, ba ɗan tsiyaye sau biyar ba.

Ɗan_Filato
Tunda an ambaci garinmu bari in sa baki. Jos a kan tudu take, kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa darenta ke da sanyi ko a lokacin da Kano da Sakkwato ke haura digiri 40. Wardi kuwa sanyin dare yake so. Ni da hannuna na sha kai wa 'yan'uwa Kano, furen da a nan yake cika tafin hannu, can in ya yi sa'a ya rayu sai ya fito ɗan mitsitsi, gefensa a ƙone. Don haka a kan wardi dai zargin Hajiya yana da kama. Sauran kuwa ba laifin gari ba ne.

Injiniya_Bash
@Ɗan_Filato ban yarda da kai duka ba. A gidan mahaifiyata cikin birni akwai gindin wardi da ya fi shekara takwas, irin mai ƙananan fure ruwan hoda mai ƙamshi. A ƙasa yake, ba a tukunya ba, kuma rana tana barinsa tun kafin azahar. Duk sanyi sai ya cika da fure. Manyan nan jajaye da ake gani a hoton biki su ne ba sa jure mana.

Hajiya, wurin da magina suka bari, a jikin wace katanga yake? In katangar da kike ba wa baya ce lokacin sallah, wato ta yamma, kin dace: rana za ta same shi da safe, da la'asar katangar ta yi masa inuwa. In kuwa ta gabas ce, ranar yamma za ta riƙa dukansa, bulo ya ɗau zafi ya yi ta turara shi har dare.

Maman_Ilham
Ta yamma ce Injiniya, yanzu na fita na duba. Alhamdulillahi ko nan na samu ɗaya.

Injiniya_Bash
Madalla. Sai dai kada ki dasa komai sai kin tone shi. Na san halinmu na masu gini, duk ɓaraguzan bulo da ragowar kwaɓin siminti nan ake turawa a rufe da ƙasa. Ki sa a haƙe kamar kamu ɗaya a kwashe, a cika da wata ƙasar.

Kawu_Sule
Ni dai ina mamakin mutanen yanzu. Ana sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, sai a kwarara wa abin da ba a ci ba a sha? 'Yata, ki sa zogale a wurin nan. Wata shida kina kwaɗo. Ki ƙara da gindin lemun tsami da yakuwa. Fulawar da na sani mai amfani ita ce wadda ake fanke da ita.

Anti_Bilki
Kawu ya zo da nasa! To Kawu, labule ma ba a cinsa, amma na tabbata akwai a ɗakinka. Ido ma yana da haƙƙi. Ni in na idar da sallar asuba na zauna kusa da 'yan tukwanena da kofin shayi, abin da nake ji a raina ba ya sayuwa a kasuwa.

Malam_Nazir
Ba ma sai an yi faɗa ba, don akwai waɗanda suka haɗa biyun. Kun taɓa tsayawa kun kalli furen kuɓewa da safe? Rawaya mai haske, tsakiyarsa ja wur. Ita da zoɓo da rama da wannan habiskus ɗin da ake sayarwa da tsada duk dangi ɗaya ne, ku dubi furensu za ku ga kamar. Ga lalle, wanda kakanninmu ke yin shinge da shi, furensa ƙanana farare amma ƙamshinsa da daddare yana cika gida, ganyen kuma mata sun san aikinsa. Ɗoɗɗoya ma haka. Shi kansa zogalen Kawu ai yana fure fari mai ƙamshi. Mun daɗe muna da furanni a gidajenmu, sunan fulawa ne kawai ba mu ba su ba.

Kawu_Sule
Yawwa Malam, in lalle ne na sa hannu. Wannan ko Hajiyata za ta ba shi ruwa.

Ɗiyar_Maraɗi
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nike, mu nan zahi da ƙarancin ruwa sun hi naku, amma gidanmu bai rasa hure ba. Ƴar'uwa, ki nemi ƙariya. Icce ne na ƙasarmu, cikin daji ma yana tsirowa da kanshi tsakanin duwatsu. Gindinshi ƙato kamar tulu, nan yake aje ruwa. Da rani in kowa ya bushe, shi lokacin yake zubar da ganye ya hiddo hure ja da hoda, kai ka ce an yi mishi ado. Sau guda a sati nike ba nawa ruwa, da sanyi ma sai ya yi kwana goma. Abin da ke kashe shi guda ne, yawan ruwa. In za ki dasa reshe, ki yanke ki aje shi inuwa kwana ukku ko huɗu bakin ya bushe, sannan ki kafa cikin ƙasa mai rairayi da yawa. Kakata takan ce daga gare shi aka samo karin maganar nan, ƙarya hure take ba ta ƴaƴa.

Malam_Nazir
Na sha jin haka ni ma. Amma fa takan yi 'ya'ya jefi-jefi, wasu dogaye biyu kamar ƙaho, in sun fashe irin yana da gashi iska ta ɗauke shi. Wadda aka shuka daga iri ita ce ke yin ƙaton gindin nan sosai. Ta reshe takan daɗe siririya.

Nas_Hauwa
Don Allah a yi hattara da ƙariya in akwai yara, na ga sunan mai tambayar Maman Ilham. Ruwan da ke fita in an karya reshenta guba ne, mafarauta a wasu sassan Afirka sun daɗe suna dafin kibiya da shi, zuciya yake taɓawa. Haka oliyanda, mai dogon siririn ganye da ake yawan shukawa a tsakiyar titi da makarantu, daga ganye har fure har itacen duk dafi ne, ko awaki suka ci yana kashe su. Zaƙami kuwa ba sai na faɗa ba, furensa fari kamar kakaki, kyakkyawa, amma kowa ya san abin da 'ya'yansa ke yi. Ban ce kada a shuka ƙariya ba, a dai ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, a wanke hannu bayan an yanke ta.

Maman_Ilham
Na gode Anti Nas. Ilham shekararta biyu, komai ta samu baki take kaiwa. Ƙariya sai dai a can bayan tanki.

Sadiq_Kd
Ba wanda ya yi maganar macizai. Mu a unguwarmu a Kaduna maƙwabcinmu ya cika gida da fulawa, damina ɗaya aka kashe biyu. Tun ranar mahaifinmu ya hana ko tukunya ɗaya.

Baba_Mai_Lambu
Sadiq ɗana, maciji ba fure yake ci ba. Duhuwa yake nema da sanyi da abinci, wato kwaɗi da ɓeraye da ƙadangaru. In an bar shuka ta cunkushe har ƙasa, ga tarin bulo a baya, ga ganye ya taru ba shara, to an yi masa ɗaki. Ka riƙa aske rassan ƙasa yadda za ka hango gindin kowace shuka daga nesa. Ni abin da na fi tsoro ma sauro ne. Farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya in ruwa ya kwanta a ciki, sati ɗaya zuwa kwana goma ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. A riƙa zubarwa.

Sadiq_Kd
Na ji Baba, amma tsohonmu ba zai ji ba.

Zee_Gombe
Ni ba mutuwa tawa ke yi ba, ƙwari ne. Habiskus ɗina duk ƙarƙashin ganyen wasu farare ne kamar auduga, ga darɓa a kan toho, ga tururuwa na hawa da sauka. Me zan fesa wanda ba na kanti ba? Ina da kaji a gidan.

Abu_Safwan
'Ya'yan darbejiya. Ki tsinto busassu ki ɓare ki daka ƙwayar, kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ki jiƙa ya kwana, ki tace da tsumma, ki ɗan narka sabulun wanki na sanda a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, a bi ƙarƙashin ganyen, a maimaita bayan sati. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake. Tururuwan kuma zaƙin da darɓa ke fitarwa suke bi, har gadinta suke yi. Fararen nan in ba su yi yawa ba ki goge su da tsohon buroshin haƙori.

Ɗiyar_Maraɗi
Mine ne darbejiya kuma?

Abu_Safwan
Dogon yaro.

Ɗiyar_Maraɗi
Au, bedi! Ku ce mini bedi mana.

Modu_Yerwa
Mu a Maiduguri maina muke ji ana cewa. Bishiya ɗaya suna huɗu, ita kuma asalinta ma daga wajen Indiya aka kawo ta. Tunda na shigo, bari in ba Kawu Sule amsa kan tsadar ruwa. Ni ban taɓa sayen jarka don shuka ba. Baho na ajiye inda muke alwala, mu bakwai ne a gida, sau biyar a rana, ku lissafa. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk can suke tafiya. Wanda ban yarda da shi ba shi ne ruwan wanki mai garin sabulu da ruwan da aka sa bilic, gishirin cikinsu yana taruwa ya kashe ƙasa. Wata dabarar kuma, ka samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ka binne shi har wuya a tsakiyar shukar, ka cika shi ka rufe bakin. Yana tsattsafowa a hankali, saiwoyi su zo su naɗe shi. Sai in yi kwana uku huɗu ban waiwaye shi ba. Sama kuma na rufe ƙasar da ɓuntun shinkafa don kada rana ta shanye danshin.

Anti_Bilki
Modu, ɓuntu da busasshiyar ciyawa ba sa kiran gara? Ni gara ta cinye min gindin fulawa biyu bara.

Modu_Yerwa
Suna iya kira, gaskiya. Ina barin tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da jikin shukar, kuma ina barbaɗa toka a kewaye.

Baba_Mai_Lambu
Toka tana taimako, amma kada Maman Ilham ta ji ta kai wa iksorarta. Iksora ƙasa mai ɗan tsami take so. Toka da siminti da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse mai barin fari a jikin buta duk suna kashe tsamin ƙasa, sai ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Alamarsa sabon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suna nan kore. Ita ruɓaɓɓen ganye take so da ruwan sama in an tara.

Ummu_Hanan
To wai don Allah, ga irinmu da ko zogale muka dasa sai ya mutu, da wacce za mu fara?

Hajjo_Zariya
Bogenbiliya, wadda ke hawa katanga mai ƙaya. Daga Kudancin Amurka ta fito amma ta zama 'yar gida. Ita wulaƙanci ma take so: in kin cika mata ruwa da taki, musamman yuriya, ganye za ta yi ta yi ba kala. In kin ɗan ƙyale ta da ƙishi sai ta rufe da ja. Abin da muke kira furenta ma ganye ne mai launi, furen gaskiyan ɗan fari ne a tsakiya, ki leƙa ki gani. Sai feriwinkil, mai fure fari ko hoda mai kunne biyar, wadda ke tsirowa ko a tsagar siminti, ita ma dai ba ta ci ba ce, a kula da yara. Sai wata mai rarrafe mai ganye kamar ƙwayar shinkafa, ni 'yar ƙarfe goma nake ce mata don sai hantsi take buɗewa, da yamma ta rufe. Tsinke ɗaya za ki karya a gidan ƙawa ki soka a ƙasa, shi ke nan.

In kina son na iri, ki shuka marigol da ziniya a Oktoba ko Nuwamba bayan ruwa ya ɗauke. Wajen wata biyu sun fara fure, su raka ki har ƙarshen sanyi. Sai dai ƙurar hunturu, ki riƙa ɗauraye ganyen lokaci-lokaci. In furen ya bushe ki cire, zai ƙara yin wani, na ƙarshe kuma ki bar su su ƙosa ki ajiye iri a takarda.

Injiniya_Bash
Ƙari kan na Hajjo, tukunyar ƙasa ta fi ta roba sanyi nesa ba kusa ba. Ko tsohuwar randa da ta tsage ta yi. A huda gindin, a ɗora tsingaro a kan ramin don kada ƙasa ta toshe shi, a ɗora ta kan bulo biyu kada ta zauna a kan siminti. Haɗin da nake yi, baƙar ƙasa kwano biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya.

Maman_Ilham
Jama'a Allah ya saka da alheri, na cika shafi biyu da rubutu. Na mayar da biyun da suka rage ƙarƙashin rumfa, na kwashe kashin kajin da ke sama. Baba, yaya zan gane ko da sauran rai a jikinsu? Ɗaya wardi ce, ɗaya iksora.

Baba_Mai_Lambu
Ɗan kankare bawon da farce kusa da gindi. In kin ga kore, tana nan. In ruwan ƙasa ne ya bushe ƙamas, sai haƙuri.

Maman_Ilham
Iksorar kore ce shar! Wardin kam ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu in fitar da ita daga ledar in sa a randa, ko in bari sai damina?

Injiniya_Bash
Fitar da ita yau da yamma. Ƙasar cikin ledar nan ta riga ta sha ɗanyen taki, barinta ciki ci gaba da ƙuna ne. Ki yanka ledar da reza, kada ki fizge.

Baba_Mai_Lambu
A'a Injiniya, mara lafiya ba a yi masa kaciya. Saiwar da ta rage kaɗan ce, in aka motsa ta a wannan zafin ba za ta tashi ba. Ta zuba ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke takin ya fice ta ƙasa, ta saka ledar yadda take cikin randar don ta samu sanyi, ta rage dogayen rassan. In ta ga sabon toho, ko ruwa ya zauna a Yuni, sai ta dasa.

Injiniya_Bash
Baba ka girme ni a aikin, amma na ceto guda biyu ta hanyar da na faɗa.

Ɗan_Filato
Wardin da ya mutu dai shaidata ce, a rubuta.

Ɗiyar_Maraɗi
Ƴar'uwa, ƙanena yana shigowa Kano da kaya duk ƙarshen wata. In kin shirya wurin bayan tankin ki yi mini magana, in yanko miki reshe biyu tun yanzu su sha iska.

Kawu_Sule
A haɗo da sandar zogale guda ɗaya, a kafa a lungun can. Ba za ta tare wa kowa rana ba.